Bututun leƙen taurari da na saya wa yara, bayan wata bakwai muna fama da shi

Tun Agustan 2025 na yi odar na'urar hangen nesan nan ta intanet, kuma daga lokacin zuwa yanzu mutum uku ko huɗu sun tambaye ni wai ya take, ta ci kuɗinta ko asara ce, to bari in amsa sau ɗaya kowa ya huta. Ba zan kama sunan kamfanin ba don sunan ba shi da wani amfani, irinta sun cika kasuwa, fenti ne kawai ya raba su, duk inda ka ga an rubuta 70 da 400 a jikin kwali to ita ce ko ƙanwarta. 70 ɗin faɗin gilashin gaba ne a milimita, 400 kuma tazarar da ke tsakanin gilashin da inda hasken yake taruwa. Kuɗinta a lokacin sun kusa na buhun shinkafa, kuma da buhun shinkafar Maman Ummi ta auna ta ranar da mai kawo kaya ya buga ƙofa, ta kalli kwalin ta kalle ni ta ce "Baban Ummi, bututun nan za mu dafa?" Ban tanka ba, me zan ce.

A cikin kwalin akwai bututun shi kansa, yara har yau bututu suke ce masa ni ma na bi su, sai ƙafafu uku na alminiyam, sai idon leƙawa guda biyu ɗaya an rubuta 20 ɗaya 10, sai wani ɗan ƙaramin madubin saiti da ake ɗaurawa a gefe, da wata 'yar roba mai ninka girma sau uku, da jakar goyo. Lissafin girman ba wuya, ka raba 400 da lambar idon da ka saka. Mai 20 zai ba ka ninki 20, mai 10 ninki 40. Robar nan mai ninkawa ita ce ke sa su rubuta 120 da manyan baƙi a kwali, kuma shawarata ka jefa ta cikin durowa ka manta da ita, abin da take yi kawai ta kumbura maka dishi-dishi, kamar ka ja hoton da aka ɗauka da tsohuwar waya. Hoton duniya mai zobe da ke jikin kwalin kuwa, wanda ya kai faifan tuwo girma, wannan ba da irin wannan bututun aka ɗauke shi ba, kada ka nuna wa yara shi tukunna in ba ka son rigima.

Ƙafafun su ne babbar matsala. Sirara ne kamar na zalɓe, in ka miƙe su duka to ko tari ka yi wata sai ya yi rawa, balle yaro ɗan shekara biyar wanda bai iya leƙawa ba sai ya rungumi bututun da hannu biyu. Sati biyu ina jin haushi kafin na gano dabara: kada ka miƙe su ko kaɗan, ka bar su a gajerensu ka ɗora a kan tebur mai nauyi, mu dai tsohon turmi muka kifa muka sa katako a kai, sannan ka rataya gorar ruwa cike a tsakiyar ƙafafun nauyin ya danne su. Ya rage rawar sosai, bai kashe ta ba. Shi kuma ɗan madubin saitin komai a kife yake nunawa kuma kusoshinsa na roba ne, da rana ake daidaita shi, ka nemi wani abu mai nisa kamar ƙarfen sabis ko tankin ruwan wani gida ka sa shi a tsakiyar babban sannan ka murɗa ƙaramin har su yi daidai. Ka yi wannan aikin yau, gobe Auta ya taɓa, ka koma farko.

Dalilin da ya sa na yi gaggawar saya shi ne husufin watan ranar 7 ga Satumba. Ni ina da wani tsohon bashi da irin wannan abu. Ranar 29 ga Maris 2006 ina ɗalibi a Katsina aka yi kusufin rana cikakke, da hantsi gari ya yi duhu, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, mutane suka cika masallatai, ni kuma abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne tun kafin ranar rediyo ta faɗi rana da lokaci kuma abin ya zo bai saɓa ba. Muna yara in wata ya yi zazzaɓi gwangwanaye muke bugawa wai rana ta kama shi ta sake shi. Na so 'ya'yana su ga nasu da ido ba a waya ba. To damina ce, hadari ya rufe gabas tun la'asar, watan ma a cikin husufin ya fito, sai can bayan magariba girgije ya ɗan tsage muka gan shi ja kamar garwashin da ya fara mutuwa, kafin in gama kokawa da ƙafafun zalɓe ya sake rufewa. Da ido muka kalla. Bututun bai yi aikin komai ba ranar, Maman Ummi ba ta ce komai ba amma na ji shirun.

Sai da ruwa ya ɗauke a Oktoba muka ga amfaninsa. Wannan tsakanin, daga ɗaukewar ruwa zuwa saukar hazo, shi ne lokacinsa, sama a wanke tas, in kuma aka yi sa'a NEPA suka ɗauke wuta maƙwabta ba su tayar da janareta ba to ka samu dare. Karo na farko a rayuwata da na yi murnar ɗauke wuta. Wani abin da ban sani ba sai da na gwada, daren sha huɗu ba shi ne daren kallon wata ba, hasken ya yi yawa komai ya baje kamar farantin tangaran har ido ya yi ciwo. Daren bakwai ko takwas ga wata, lokacin yana rabi, ka duba daidai layin da haske ya haɗu da duhu, a nan rana ke bugun duwatsun a karkace inuwa ta yi tsawo, ramukan su fito ɗaya bayan ɗaya kamar ka sa yatsa, wasu da ɗan tsauni a tsakiyarsu. A ninki 40 watan ya kusa cika idon gaba ɗaya.

Ummi, babbar, shekararta tara, sunan mahaifiyata ta ci. Ta leƙa ta daɗe ba ta ce uffan ba, ta ɗago ta kalli watan da ido, ta sake leƙawa, sannan ta ce "Baba hoto ne suka liƙa a ciki ko?"

Wallahi ban taɓa jin daɗin tambaya irin wannan ba. (Eh har yanzu ina cewa wallahi, baki ya saba, zan zo kan wannan.) Yarinyar nan ta taso a zamanin da kullum a wayar uwarta tana ganin bidiyon kyanwa na tuƙa mota da jariri na wa'azi, kwamfuta ce ta ƙirƙira, mun sha gaya mata kada ta yarda da duk abin da ta gani, to ga shi ta juyo da darasin kaina. Na ce to ya za mu gane? Ta yi tunani ta ce in rufe gaban da hannu. Na rufe, wata ya ɓace. Ta ce ai ko hoto ne in ba haske ba za a gan shi ba. Gaskiyarta. Na ce to mu juya shi wani wajen, muka juya kan fitilar ƙarfen sabis mai ƙyaftawa ja, ta gan ta tana ƙyaftawa daidai da yadda take yi a ido. Muka dawo kan wata, kafin ta gama gyara tsayuwa ya zame gefe ya fice, ta ce "gudu yake yi!" Nan ta yarda, don hoton da aka liƙa ba ya gudu. Na ce mata yawancin gudun nan namu ne, ƙasa ce ke juyawa da mu da gidan da turmin, a inda muke sama da kilomita 1,600 a awa, cikin minti biyu watan kan matsa kwatankwacin faɗin kansa. Ta taka ƙasa da ƙafa ta ce ita ba ta ji komai ba. Na ce ni ma.

Daga baya na ba ta labarin cewa ba ita ta fara wannan zargin ba. A Janairun 1610 da Galileo a garin Padua na Italiya ya ce ya ga ƙananan watanni huɗu suna zagaya Mushtari, wadda yanzu aka fi sani da Jufita, wasu manyan malaman zamaninsa cewa suka yi gilashin ne ke haifar da ɗige-ɗigen, wasu ma suka ƙi leƙawa sam. Kuma bututunsa wajen ninki 20 yake, gilashinsa bai kai namu faɗi ba. Wato abin da na saya da kuɗin shinkafa ya fi wanda aka girgiza Turai da shi, ƙafafun ne dai ban sani ba ko nasa sun fi.

To maganar wallahi. Waɗanda suka san ni sosai, kuma ba su da yawa, sun san shekaru ke nan da imani ya sulale mini. Ba faɗa na yi da kowa ba, ba wani ne ya ɓata mini rai ba, a hankali abin ya tafi kamar ruwa a randa mai tsaguwa, wata rana na leƙa na tarar ba komai. Ba maganar da ake yi a majalisa ba ce, kowa ya san Mubarak Bala, wanda ya fito fili ya ce ya bar addini, da hukuncin shekara 24 da wata kotu a Kano ta yanke masa a 2022, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta rage daga baya, don haka ba sunana a nan ba sunan garinmu. Maman Ummi ta sani, ta yi kukanta ta gama tun tuni, tana sallarta tana yi mini addu'a a gabana ba ɓoyo, yara suna zuwa islamiyya ni nake biyan kuɗin wata ni nake kai su a mashin. Yarjejeniyarmu ita ce ba zan rushe mata abin da take ginawa ba, ita kuma ba za ta sa ni in yi wa yara ƙarya ba in sun tambaye ni kai tsaye. Sai dai ita yarjejeniya a baki sauƙi gare ta, yara kuma ba su san da ita ba, tambaya suke jefowa ta inda ba ka zata ba.

In faɗi gaskiya da wata 'yar manufa na sayi bututun. A raina na ce zan nuna masu abin da ake iya dubawa, su saba da tambayar "ya aka sani", sauran su ƙarasa da kansu in sun girma. Sai ga shi daren da Maman Ummi ta yarda ta leƙa, bayan ta gama cika baki ita ba ruwanta, ta sunkuya da hijabinta ta yi shiru, sai na ji ta ce "Subhanallah" a hankali, irin wadda ba don kowa ya ji ba. Ramukan da na gani su ta gani, inuwa ɗaya, gilashi ɗaya. Ita tana da kalmar da za ta faɗa, ni da na fara gani abin da ya fito bakina "kai!" ne kawai. Na daɗe ina juya wannan a raina, ban ga ta inda zan ce nawa mamakin ya fi nata tsabta ba.

Kuma Ummi ba ta bar ni na sha da daɗi ba. Na ce mata nisan wata kilomita 384,400 ne, haskensa yana ɗaukar daƙiƙa ɗaya da 'yan kai kafin ya iso, na rana kuma minti takwas da daƙiƙa ashirin. Ta ce "Baba kai ka auna?" Na ce a'a, amma a 1969 'yan sama jannatin Amurka sun ajiye wani madubi a can, ana harba masa haske daga nan ya dawo cikin daƙiƙa biyu da rabi, da haka ake lissafawa. Ta ce "kai ka gani?" Na ce a'a. Ta ce "to kai ma an ce ne." Uwarta na gefe tana tsinken zogale tana dariya har da riƙe ciki. Na yi ƙoƙarin in bayyana mata cewa bambancin shi ne hanyar awon a buɗe take, ƙasashe daban-daban sun maimaita, kuma wanda ya kama kuskure suna zai yi ba duka zai sha ba, kuma har yanzu ina ganin wannan bambanci ne babba. Amma a tsakar gida da ƙarfe tara na dare, a wajen 'yar shekara tara, an ce an ce ne. Kashi casa'in na abin da nake kira gaskiya ban taɓa shi da hannuna ba, amana ce na ba wasu mutane da ban sani ba, abin da zan iya karewa kawai shi ne dalilin da ya sa na zaɓi waɗannan na ba su.

Jufita ce ta ɗan rama mini. Daga Disamba zuwa Janairu tana fitowa da wuri ta gabas, ta fi duk taurarin wajen haske kuma ba ta ƙyaftawa. A bututun nan 'yar ƙwallo ce fara kamar ƙwayar gero, in iska ta kwanta ka ga layi biyu a jikinta dishi-dishi, sai ɗige huɗu a jere kamar an ja zare. Na ba Ummi tsohon littafin lissafi na ce kullum ta zana inda ɗigen suke. Daren farko uku a hagu ɗaya a dama, washegari biyu da biyu, ta fara zargin ko Auta ne ya karkata bututun. Wani dare ta ƙirga uku kacal ta zo da gudu wai ɗaya ya faɗi. Muka buɗe manhajar taurari ta Stellarium a waya, kyauta ce kuma ba ta cin data, ta nuna na kusa da ita ɗin, Io, ya shiga bayanta, shi da yake kammala zagayensa cikin awa 42 kacal yayin da na can nesa yake ɗaukar kusan kwana 17. Manhajar ta nuna wajen tara da rabi zai fito. Muka zauna cikin sanyi da bargo ɗaya muna jira, sauro ya gudu saboda hunturu, tana leƙawa tana ɗagowa, can sai ta yi ihu har karen maƙwabta ya amsa. Ya fito, ɗan ɗigo manne da gefen ƙwallon. Wannan ba an ce ba ne, ita ta ƙirga uku ita ta ƙirga huɗu. In ka tambaye ni mene ne abu na gaske, mafi kusa da amsar da nake da ita ke nan, abin da zai zo a lokacinsa ko kana so ko ba ka so, ko ka yi barci, bai ma san kana jiransa ba.

Zuhal mai zobe kuwa ta ba mu kunya, amma ba laifin na'urar ba ne duka. A Maris 2025 zoben ya juyo mana da kaifinsa, abin da kan faru duk bayan shekara 13 zuwa 15, don haka a ƙarshen shekarar abin da muka gani kamar an tsire ƙwayar wake da allura. Auta ya ce tsire ne. Gamzaki na asuba kuma, wanda shi ne dai Zara matar wata in ta koma yamma, haske ne kawai mai shuɗi-shuɗi da ja a gefe, wannan kalar gilashi mai araha ne ke ƙara ta, babu ita a sama. Abin da ya fi ba ni mamaki kaza da 'ya'yanta ne, da ido shida ko bakwai kake gani, ka sa ido mai 20 sai ga su gomiya-gomiya kamar an watsa gishiri a baƙin mayafi. Haskensu ya yi wajen shekara 440 a hanya, tun ba a haifi Shehu Usmanu ba ya taso, shi da aka haifa a 1754. Amma da hazo ya sauka sosai sai ka naɗe kayanka, akwai satin da ko wata da ƙyar, kuma ƙurar tana kwanciya a gilashi, kada ka goge da bakin riga za ka karce shi, ka hure tukunna sannan ka bi da ƙyalle mai laushi.

Wani dare a Janairu hazo ya ɗan yi sauƙi na nuna masu tauraron da ya fi kowanne haske in an cire irin su Jufita, can kudu maso gabas yana walƙiya kala-kala, iskar samanmu ce ke wasa da shi. Na ce wa Ummi wannan hasken da ke shiga idonki shekara takwas da rabi da ɗoriya ya yi yana tafiya, lokacin da ya taso ko zama ba ki fara ba. Na ce Larabawa Shi'ira suke ce masa. Maman Ummi ta ɗago ta ce "Shi'ira? Na cikin Suratun Najmi?" ta karanto ayar, Ummi ta ƙarasa mata don sun wuce wajen a hadda. Ashe shekara da shekaru tana karanta sunan ba ta san ga shi saman katangarmu ba, ni kuma na san tauraron na manta da ayar. Ranar na gaya masu yawancin sunayen taurarin nan na Larabci ne aka murɗe, akwai wanda ake kira Rijil wato ƙafa, kuma a kan wata akwai ramin da aka sa wa sunan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rayu a Misira shekara dubu da suka wuce, wanda ya kafa hujjar cewa haske ne ke shigowa ido daga abu ba ido ne ke fitar da haske ba. Wannan ya yi wa Maman Ummi daɗi, ta ce to ka gani. Ban san me na gani ba amma na ce na gani.

Abin da ya fi yi mini wuya Auta ne. Hajiya mahaifiyata ta rasu a daminar da ta wuce wancan, shi ne ɗan gabanta, a bayanta yake barci. Wani dare ya gama leƙen wata ya ce "Baba juya shi wajen Hajiya." Ban san wa ya ce masa tana sama ba, wataƙila ba wanda ya ce, yara suna haɗa nasu. Na tsaya da hannuna a kan bututun. Akwai maganar da mutane ke so, wai taurarin da muke gani sun mutu tuntuni haskensu ne ya rage, da na so sai in lallashe shi da ita, amma ba gaskiya ba ce, kusan duk wanda ido ke gani yana nan da ransa, shekara ɗari huɗu ba komai ba ce a rayuwar tauraro. Abin da na yi imani da shi game da inda Hajiya take kuma ba abin da zan ɗora wa ɗan shekara biyar ba ne a tsakar gida, kuma ni kaina in na yi mafarkinta na farka, muryarta tana nan a kunnena sak, har da yadda take jan sunana, ban san a wane layi zan sa wannan ba, na gaske ko ba na gaske ba. Na ce masa "wannan bututun ba ya kaiwa can." Ya ce "babba fa?" Na ce ko babba. Uwarsa ta jawo shi ta ce Hajiya tana wajen Allah, addu'a ce ke kaiwa, suka ɗaga hannu su biyu. Ummi ta kalle ni, irin kallon nan nata na kai ka auna, ta ga ban ɗaga ba kuma ban hana ba. Ba ta tambaya ba. Na san tana tafe, wataƙila baɗi, wataƙila jibi, kuma ban shirya ba.

Gargaɗi ɗaya da ba wasa a ciki, rana. Kada yaro ya kuskura ya juya shi wajen rana ko na ƙiftawar ido, makanta ce ba magani. Wasu irinsa suna zuwa da ɗan baƙin gilashi da ake murɗawa a idon leƙawa wai na kallon rana, zafi kan fasa shi ido na kai, in ka samu a kwalinka ka jefar. Ni da tsakar rana na tara su na sa busasshen ganye a inda ido ke zama, kafin a ƙirga goma ya fara hayaƙi, na ce to haka idonku zai yi. Tun daga ranar, da rana a saman sif yake zama. Da azumi ya ƙarato maƙwabcinmu ya zo wai a ara masa su nemi jinjirin wata, na ce Alhaji sai dai in zo da kaina bayan rana ta faɗi gaba ɗaya, muka je muka yi ta lalube a yamma cikin ƙura ba mu ga komai ba, muka dawo muka jira sanarwar Sarkin Musulmi kamar kowa. Shi ne kuma ya tambaya ko ana hango tutar Amurka a wata. Ba a hangowa, abin da bai kai faɗin gari guda ba wannan gilashin ba ya raba shi. Ya ce shi dama ya san ba su je ba. Na bar shi, dare ya yi.

To ta ci kuɗinta? In don hoto kake so ka ɗora a Facebook, a'a, manna waya a idon nan sai ka yi zufa kuma abin da za ka samu farin tabo ne. In kai mai saurin fushi ne ma a'a, ƙafafun za su sa ka zagi wanda bai ji ba bai gani ba. Wani ya ce mini da kuɗin gara madubin ido biyu mai 10 da 50, wato ninki 10 da gilashi milimita 50, ya fi sauƙin riƙewa kuma kaza da 'ya'yanta sun fi kyau a ciki, ina jin yana da gaskiya, sai dai ba zai ba ka ramukan wata yadda wannan ke bayarwa ba kuma hannun yaro rawa yake. In taurari biyar ake bayarwa, gilashin huɗu, ƙafafun ɗaya, jakar ma zif ɗinta ya mutu a wata na biyu. Kusar da ke riƙe bututun kada ya sunkuya ta ɓace tun Fabrairu, ina zargin Auta, yanzu da robar tayar keke muke ɗaure shi kuma abin haushi ya fi zama daram a haka. Littafin Ummi ya kai shafi na sha tara, ta fara sa wa ɗigen sunayen ƙawayenta na islamiyya, wanda ya fi yawan ɓuya ta sa masa sunan wadda ba ta zuwa ran Laraba.